Ni ma ina zuwa kallo

Assalamu alaikum. Ni makaho ne, haifaffen Jidda, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma ina son fim. Na sa wannan a gaba ne don na san halin mutanenmu. Wani zai karanta ya ce ina ruwan makaho da kallo, wani kuma ya ce da carbi ya kama da ya fi masa. Carbin ina ja, alhamdu lillahi, fim ɗin ma ina so. Ɗiyata ce ke buga wannan rubutu ina faɗa mata, domin wayata tana karanta mini Larabci tsaf, amma da ta iso kan Hausa sai ta kama tauna kalmomi, har ni mai maganar in kasa gane abin da na ce.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne daga ƙasar Gumel. Ya zo aikin Hajji a shekarun 1970 ya yi zamansa, kamar yadda dubban Hausawa suka yi kafin shi, mu da ake kira Takari. Ya kama ɗaki a unguwar Sabil, ya kafa kekensa a bakin lungu. Shi ya riski sinima a Jidda. Yakan ba mu labarin sinimomin tsakar gida na Bab Sharif da Hindawiyya, fili ne kawai a kewaye, a jera benci, a haska fim ɗin Masar a jikin farin bango. Bayan fitinar da aka yi a Harami a ƙarshen 1979 sai al'amura suka tsananta, aka rufe su a farkon shekarun 1980. Ni kuwa 1981 aka haife ni, don haka na tashi, na yi gemu, na yi aure, duk a ƙasar da ba a sayar da tikitin kallo.

Kallon dai bai mutu ba, ɗaki ya koma. Shagunan kaset sun cika gari, na Indiya da na Masar da na 'yan daben Caina. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma sai kasakasan Hausa suka fara isowa a jakunkunan 'yan Kano-Jidda, a cuɗe da kuka da daddawa da kilishi. Ranar da sabon kaset ya shigo lungunmu, ɗakin Inna ba ya ɗaukar jama'a. Mata a kan gado da tabarma, yara a gaba, mu samari a tsaye bakin ƙofa muna nuna kamar wucewa muka zo yi. Kaset ɗaya sai ya zaga gida goma, kafin ya dawo hoton har rawa yake. A wannan ɗakin yaran da ba su taɓa taka Najeriya ba suka san yadda zaure yake, da yadda ake kai lefe.

Da dundumi abin ya fara mini, tun ina saurayi. Da magariba ta yi sai in riƙa tuntuɓe da abin da kowa ke gani. Inna ta dage da gasa mini hanta, wai maganinsa ke nan, na ci har na gaji. Daga baya likita ya ce ciwo ne na gado, yana cinye shimfiɗar ganin da ke can bayan ƙwayar ido, daga gefe yake farawa yana matsowa tsakiya, kuma ba shi da magani. A lokacin gyaran mukayyif nake yi, na'urar sanyaya ɗaki, sana'ar da ba ta mutuwa a Jidda. Na ci gaba da hawa tsani har ranar da maigidana ya riƙe hannuna ya ce in sauko haka nan. Da yake tsakiyar ce ke saura a ƙarshe, talabijin na cikin abubuwan da suka jima ba su ɓace mini ba. Ɗaki ya tafi, mutanen ɗakin sun tafi, amma ɗan allon nan mai haske yana nan. Wajen 2009 shi ma ya bi su. Na san fuskar matata. Na san fuskar Ummi, mai sunan mahaifiyata, tana ƙaramar yarinya. Ƙannenta maza biyu da murya na san su.

An ce da makaho ga ido, ya ce wari yake. Haka na yi shekaru ina cewa fim ɓata lokaci ne, alhali da an kunna sai in ja kujera kusa da ƙofa in kasa kunne. Maganar ba ta ba ni wahala, finafinanmu ai surutu ne ya fi yawa a cikinsu. Inda ake kashe ni shi ne wurin da baki ya mutu, kiɗa ya tashi, ɗakin ya ɗauki salati gaba ɗaya.

“Me ya faru?”

“Tsaya tukuna.”

Wannan amsar matata ce, baiwar Allah, in fim ya ɗauke ta ko gobara ce sai ta jira. Inna kuma, kafin ta rasu, ta fi kowa son ba ni labari, sai dai alƙalanci take yi. Ba za ta ce wance ta shigo ba, sai ta ce, “Ga munafukar nan ta shigo.” Ni kuwa ban riga na san munafuka ba ce, watakila fim ɗin sai can ƙarshe zai tona ta. In ta taɓa ganinsa kuwa, tun a waƙar farko za ta gaya mini wanda zai mutu. Da fassarar Indiya-Hausa ta fito na ɗan samu sa'ida, domin masu fassarar nan ba sa barin fili, ko jarumi tafiya yake sai sun sa masa magana a baki. Ba don makafi suka yi ba, amma mun mora.

Akwai daren da ba na mantawa. Wani fim ne na mugun mutum da ya cinye dukiyar marayu, ya raba aure, ya bi bokaye. A ƙarshe sai ya tashi da safe yana ihu wai ba ya gani. Ɗakin ya kaure, “Allah ya ƙara! Alhaki ne! Kaɗan ma ya gani!” Can sai wata ta tuna ina zaune, ta yi gyaran murya, kowa ya yi tsit. Ban ji haushinsu ba, abin da aka shirya musu su faɗa ke nan. Wanda ya rubuta labarin nake tuhuma. Ku duba da kyau, a finafinanmu in an tashi hukunta azzalumi, ko ya makance, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko ya haukace. To mu da aka jarrabe mu da waɗannan abubuwa, dukiyar wane maraya muka ci? In kuma ba hukunci ba ne, to makahon da ƙoƙo yake fitowa da ɗan jagora, ko a kawo shi don a yi dariya. Ummi ta ce ɗan wasan yakan ƙafe ido sama, ya miƙa hannu biyu yana lalube a cikin ɗakin da wai ya shekara ashirin yana kwana. Ni a ɗakina ko allura aka matsar sai na sani.

Abin ya fi ba ni mamaki da yake mu Musulmi ne. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, yana kiran salla, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa a kan Madina in zai fita. A ƙasar nan da nake zaune, Shehu Bin Baz ya makance tun yana matashi, ya shugabanci Jami'ar Musulunci ta Madina, ya riƙe kujerar babban Mufti har rasuwarsa a 1999. Ban ce a mayar da kowane makaho waliyyi a fim ba, wannan ma wata ƙaryar ce. Cikinmu akwai mai rowa, akwai mai son mata, akwai wanda in ya ci bashinka sai ka haƙura.

A Disambar 2017 aka ba da sanarwar ɗage haramcin sinima. Ranar 18 ga Afrilu 2018 aka buɗe ta farko a Riyad, Jidda kuma ta samu tata a Janairun 2019. Da suka fara yawa a manyan kantuna sai na ce wa Ummi ta raka ni. Uwarta ta ce kuɗin tikiti biyu ya yi cefane, na ce a yi haƙuri da miyar jiya.

Yaron da ke sayar da tikiti bai yi mini magana ba, ita ya tambaya, “Shi ma zai shiga?” Ta ce, “Ga shi nan, tambaye shi.” Ya ba da haƙuri, ya kira wani, wanin ya turo mini keken guragu. Na ce masa ƙafata lafiya lau. Ba su da mugun nufi ko kaɗan, sun san dai akwai abin da ake yi wa irinmu, kuma keken ne abin da ke hannunsu. A ciki kuwa na ji abin da ban taɓa ji ba. Sauti yana tasowa daga bayana ya bi ta kaina ya wuce gaba, ruwan sama yana sauka ta ko'ina har na ɗaga kafaɗa. Sai dai fim ɗin na waje ne, fassararsa a rubuce a ƙasan allo. Ummi ta sa baki a kunnena tana karanto fassarar, tana kuma ƙoƙarin gaya mini wa ya shigo, wa ya zaro bindiga. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar, aikin mutum biyu. Na bayanmu suka fara tsaki, kuma gaskiyarsu ne, kuɗi suka biya. Na ce mata, “Bari, Ummi, yi kallonki.” Na cinye gugguruna cikin sanyi da rugugi. Da muka fito ina tsaye ina jiran ta kira mota, sai na ji an buɗe tafin hannuna an danna takardar kuɗi, an ce in yi addu'a. Baƙin mutum, makaho, riƙe da farar sanda, a tunaninsa me kuma zai kawo ni wurin?

Bayan na bar gyaran mukayyif wani ɗan'uwa ya ɗauke ni ina taya shi a shagonsa na turare a Balad, tsohon garin Jidda. Hanci ba ya buƙatar fitila. A nan bikin finafinan Bahar Maliya na farko ya same ni, daga 6 zuwa 15 ga Disamba 2021, a cikin Balad ɗin aka yi shi, da finafinai sama da 130 daga ƙasashe sama da 60. Baƙi sun shigo shagon da harsunan da ban taɓa ji ba, na sayar da oud ga mutanen da aka ce mini taurari ne. Wani tsohon maƙwabcinmu da ya san sinimomin da, har ƙwalla ya yi. Sai dai hankalina ba a can yake ba. A watannin ne aka fara bin unguwannin kudancin Jidda ana rubuta “izala” da jan fenti a jikin gidaje, alamar rusau. Unguwanni sama da 60 aka lissafa. Gulail, Bitrumin, Karantina, har aka iso kanmu a Sabil.

Mai ido in aka rushe unguwarsu gida ya rasa da maƙwabta. Ni har da hanya na rasa. A Sabil ba na buƙatar jagora. Na san inda kwata ta karye, na san ƙanshin gidan burodin tamis yana nufin in karya dama, na san ƙarar mukayyif ɗin wane gida ce ke gaya mini saura kaɗan in kai masallaci, wasunsu ma ni na ɗaura su da hannuna. Duk wannan ya tafi cikin 'yan makonni. Mutanenmu suka watse, wasu Makka, wasu suka tattara suka koma Najeriya da Nijar. Mu muka samu gidan sama can gabashin gari, inda tituna suke da faɗi, motoci ba sa tsayawa, bango kuma duk iri ɗaya ne a bakin sanda. Na daina fita sai an riƙe ni. Shagon ma na yi watanni ban leƙa ba. Ba na jin na taɓa shiga ƙunci irin na wannan lokacin, ko shekarar da idon ya tafi.

A cikin wannan zaman ne wani Basudane da muke tare a zauren makafi na WhatsApp ya tambaye ni ko ina sauraron fim da bayanin murya. Na ce mene ne haka? Ya bi da ni mataki-mataki har na kunna shi a waya. Wata murya ce daban da ta 'yan wasa, tana shigowa a gurbin da ba a magana, ta faɗi abin da ke kan allo a taƙaice, ta janye kafin wani ya buɗe baki. Ba ta yabo, ba ta zagi, ba ta riga labari. A daren na saurari fim tun daga farko har ƙarshe ban tambayi kowa komai ba. Matata ta farka ta tarar ina dariya ni kaɗai cikin duhu, ta ɗauka wani abin ne ya same ni.

Sai na bi diddigin abin. Ashe wata Ba'amurkiya ce, Margaret Pfanstiehl, mai irin ciwon idona, ta fara tsara shi a wani gidan wasan kwaikwayo na Washington a 1981, shekarar da aka haife ni. A 1990 wata tashar talabijin ta Boston ta mayar da shi aikin yau da kullum. Abin dariya, a 2015 Netflix ta fitar da wasa mai dogon zango wanda jaruminsa makaho ne, ba tare da bayanin murya ba. Makafin Amurka suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka sa, daga nan ne ma ta fara sa wa sauran. Na Turanci ya fi yawa, na Larabci jefi-jefi, na Hausa kuwa har yau ban ci karo da ko ɗaya ba. Abokin nan nawa shi ya ba ni labarin Jadalla Jubara, ɗaya daga iyayen fim a Sudan, wanda ya makance a ƙarshen rayuwarsa bai kuma ajiye sana'ar ba, 'yarsa Sara ce ta zama idonsa har ya rasu a 2008. Ita kanta Sara shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama, ta zama gwanar ninƙaya, ta kuma zama mai shirya fim.

Ta bakinsa na ji cewa har bukukuwa ake yi musamman na finafinan nakasassu. Akwai Superfest a yankin San Francisco, wanda ya samo asali tun shekarun 1970. Akwai ReelAbilities da aka fara a New York a 2007. A Brighton ta Ingila akwai Oska Bright tun 2004, wanda masu larurar fahimta suke zaɓar finafinansa da kansu. Nan kusa da mu a Doha, bikin Ajyal ya sha keɓe nuni na musamman mai bayanin murya da rubutun kurame da Larabci. Tun da korona ta tura irin waɗannan bukukuwa intanet, sai muka samu shiga ɗaya daga falonmu, Ummi tana fassara mini Turancin. Gajerun finafinai ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, makahon ciki yana soya ƙwai yana faɗa da matarsa a kan kuɗin haya, kuma shi ne marar gaskiya. Babu wanda ya warke a ƙarshe. Ban taɓa jin daɗin a nuna ɗan'uwana da laifi irin na ranar ba.

Duk da haka, ga ra'ayina, ko da wasu ba za su so ba. Biki na kwana uku a shekara, a tara mu a tafa mana, a nuna fim ɗin wane da ya yi kaza “duk da larurarsa”, ba shi ne damuwata ba. Amfanin waɗannan bukukuwa a wurina shi ne sun nuna abin yana yiwuwa, kowane fim da bayaninsa, da rubutunsa, da mai fassarar hannu, da ƙofar da keke zai shiga. In ya yiwu a can ran biki, ya kamata ya yiwu ran Talata a sinimar kanti. Na fi son fim ɗin barkwanci na banza wanda zan bi da kaina in yi dariya lokacin da kowa ke yi, a kan fim ɗin da ke yabona amma sai an ba ni labarinsa a mota. A ƙasar nan an samu ci gaba, ba zan ɓoye ba. An kafa hukumar kula da nakasassu a 2018, an yi dokar haƙƙoƙinsu a 2023, kuma ko da yake yawancin tallafi na 'yan ƙasa ne, lif da gangarar keke ba sa tambayar igama, wato takardar izinin zama. Sai dai har yanzu da an ce nakasa, keke ake fara tunawa, a manta da kunne da ido.

A sabon gidan namu akwai maƙwabci kurma, kafinta, mutumin Kano, wanda ya yi makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki. Ni ba na ganin hannunsa, shi ba ya jin bakina, babban ɗansa ne ke tsakaninmu, wani lokacin kuma waya. Shi ya gaya mini murnar da kurame suka yi a 2022 da ɗan'uwansu ɗan wasa Troy Kotsur ya ci Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, da fim ɗin da ake maganar hannu a cikinsa. Na ce masa fim ɗin da ake magana da hannu ai ni shiru kawai zan ji. Ya ce to yanzu na san yadda yake ji da Indiya-Hausa ɗina. Daga wannan tsokanar muka yanke shawarar mu haɗa namu kallon.

Muka yi karo-karo da wasu iyalai da rusau ya watsa, muka kama istiraha ta dare ɗaya, irin gidajen shaƙatawar da ake haya a bayan gari. Aka aro majigi, aka ɗaura farin zanen gado. Makafi huɗu ne da ni, kurame uku, da wani dattijo mai keke, sauran duk iyali ne. Da farko Ummi ta riƙe makirufo tana bayani, ba a yi nisa ba tsofaffin mata suka ce ta yi musu shiru su ji. Ƙaninta ne ya kawo dabara. Ta koma bakin taga daga waje inda take hango zanen, ta kira mu mu huɗu a kiran WhatsApp, kowa ya sa lasifikar kunne a kunne ɗaya, ɗayan kunnen yana jin fim. Matsalar ita ce intanet yana jinkiri, sai an yi marin sannan mu ji “ya ɗaga hannu”. Tun daga ranar take kallon fim ɗin tukuna ita kaɗai, ta rubuta mintocin da babu magana a littafi, ta shirya abin da za ta faɗa, ta kuma riga hoton da ɗan numfashi.

Ta gwanance ƙwarai, ba don 'yata ba ce. Ga irin abin da take faɗa: “Dare ne, tsakar gida. Ta fito da buta. Ta tsaya. Tana kallon ƙofar ɗakin amarya. Akwai baƙin takalmi sau-ciki na maza a bakin ƙofar. Ta ajiye butar a hankali.” Shi ke nan. Ba ta ce mini takalmin ba na maigida ba ne, ta riga ta gaya mini ɗazu cewa da silifa ya fita, ni zan haɗa da kaina. Ba ta cewa “ranta ya ɓaci”, sai ta ce “ta dire tiren, shayi ya zube”. Mun taɓa yin doguwar muhawara a kan kyau. Ɗaya daga cikinmu, wanda aka haifa da makanta, ya ce a daina gaya masa wance kyakkyawa ce, a gaya masa doguwa ce ko gajera, me ta ɗaura, yaya take tafiya, shi zai yanke hukunci.

Sai kuma kunya, wadda Turawan da suka tsara abin ba su yi lissafi da ita ba. Da an zo wurin rawa da waƙa, ko saurayi ya matso kusa da budurwa, sai layin ya mutu. In ce, “Ummi, kina nan?” Ta ce, “Baba, waƙa ce.” Minti biyar cur, waƙa ce. Ban ga laifinta ba, wace 'ya ce za ta siffanta wa ubanta karairaya? Ƙanwar matata ce ta fitar da mu, da yake akwai wasa tsakaninmu. Da waƙa ta tashi sai ta karɓe wayar, “To Yaya, gyara zama, ga irin wadda ka so ka auro aka hana ka.” Ita ba ta bin doka ko ɗaya, sharhi take yi son ranta, amma makafin nan sun fi jiran wurinta.

Ɓangaren kurame ma da nasa rikicin. Majigi duhu yake so, mai fassarar hannu haske yake so. Aka sa babban ɗan kafintan a gefen zane, aka kunna masa fitilar tebur daga ƙasa. Uban da maganar hannu ta Kano ya saba, sauran biyun a nan suka yi makaranta, da ishara ta Saudiyya suka tashi, yaron yana tsalle tsakanin biyun har gumi ya jiƙa shi. Dattijo mai keke kuwa mun sa masa katako a kan matakala muna ta yabon kanmu, sai da dare ya yi nisa matarsa ta faɗa wa matata dalilin da ya ƙi shan ko kurɓin shayi: ƙofar banɗakin ba ta ɗaukar kekensa. Yanzu kafin mu kama wuri, kafintan ne ke fara zuwa da awonsa.

Ga masu shirya finafinan Hausa, in wannan ya iso gare ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana da wata nakasa, ku ƙirga nawa ne a cikin masu kallonku. Ku da kuke sa shiri a YouTube duk mako, ba abin da zai hana ku ɗora na biyu mai bayanin murya, marubuci ɗaya ne da mai karantawa ɗaya, a ɗakin da kuke ɗaukar waƙa. Rubutun ƙasan allo ku yi shi da Hausa ma, ku sa har da bugun ƙofa da kukan jariri, domin kurma bai san dalilin da ya sa kowa ya waiga ba. In labari ya zo da makaho, ku je unguwar makafi ku nemo wanda zai iya, akwai masu bakin da za su kore rabin 'yan wasanku. Azzaluminku kuma ku kai shi kotu.

Namu kallon yana nan, duk bayan 'yan watanni in aljihu ya yarda. Na koma shago, na kuma haddace hanyar masallaci da bakala, wato kantin kayan masarufi, a sabuwar unguwa. Damuwar da ke gabanmu ita ce an sa ranar Ummi bayan babbar salla, kuma Madina za a kai ta. Ta fara koya wa ƙaninta, ta ba shi littafin mintocinta. Yaron yana da kaifin ido, sai dai ƙwallo ta ɓata shi, komai da ihu yake faɗa, ko mace ce ta ɗauko tsintsiya sai ka ce za a ci gol. Ita ta ce in aka aika mata fim ɗin da wuri za ta riƙa ɗaukar bayanin a waya ta turo daga can, in mijin ya yarda. Na riga na yi masa maganar tun ranar da suka kawo kuɗin gaisuwa.